Daga Kan Buzu: Kayan Ƙafar Mota, Wa Ke Da Lamuninsu?

Waɗanda suka saba da wannan fili sun san ba mu cika fita daga zancen karatun yara da hukuncin ciniki ba. To, yau ƙarƙashin mota za mu shiga. Kada wani ya ce Malam ya ajiye allo ya ɗauki sifana. Wani abu ne ya same mu bana, ya ci kuɗin makaranta, ya kuma kusa raba mu da wani mutumin kirki wanda mu ke tsayawa sahu ɗaya da shi ran Jumma'a. Tun da rabin mutanenmu a Brooklyn da mota su ke neman abinci, mun ga bai kamata mu ɓoye ba, ko da shi ke mafi yawan laifin a kanmu ya faɗa.

Makarantarmu tana da mota guda, Toyota Sienna tsohuwa, wadda iyayen yara suka haɗa kuɗi suka saya. Assabar da Lahadi ita ke bi Church Avenue da Nostrand da Flatbush Avenue tana kwaso 'yan ƙananan da iyayensu ke wurin aiki. Kowa ya san yadda hanyoyin nan su ke zama in sanyi ya wuce. Ruwa ya kan shiga tsagar kwalta, dare ya yi ya daskare, in kuwa ruwa ya daskare ya kan kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya buɗa tsagar. Rana ta fito ya narke, manyan motoci su taka, sai ga rami. Gishirin da hukuma ke watsawa don narkar da ƙanƙara kuma yana can yana cin ƙarfen ƙarƙashi. Da watan Maris ya kama, motarmu ta fara wata ƙara, ƙwas, ƙwas, duk sa'ad da ta hau tudun rage gudu. In an taka birki sai ta dunguri ƙasa da hanci kamar raƙumi zai durƙusa. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi amai har sau biyu a hanya, uwarta ta ce ko iska ce, ashe lilon mota ne.

Bari mu ɗan yi bayani domin dattawan da ba su taɓa leƙa ƙasan mota ba, mu ma sai bana muka leƙa. Abin da makanikai ke kira ƙafar mota abu biyu ne babba. Akwai sifirin, watau murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, kamar yadda akumari ya ke tsakanin kaya da bayan jaki. Amma sifirin shi kaɗai ba ya da hankali, in aka danne shi aka saki sai ya yi ta tsalle. Don haka aka haɗa shi da shoka, wani bututu ne cike da mai, da sanda a ciki mai ƙananan ƙofofi. Mota ta faɗa rami, sanda ta nutsa, mai ya kutsa ta ƙofofin nan da ƙyar, tsallen ya mutu nan take. A gaban irin motarmu an zura shokar cikin sifirin sun zama abu ɗaya, kuma shi ke riƙe da taya a tsaye. Wani injiniyan Amurka mai suna MacPherson ya tsara wannan, kamfanin Ford na Ingila ya fito da shi a 1950, yau kuwa yawancin ƙananan motoci haka su ke. In shoka ta mutu taya ba ta zama daram a ƙasa, tana ɗagawa tana sauka, kuma tayar da ke sama birki ba ya da iko da ita. A titin da yara ke tsallakawa, taku biyu ko uku da mota ta ƙara kafin ta tsaya ba ƙaramin abu ba ne.

Muka kai ta wajen makanikinmu a can gefen Utica Avenue, inda garejoji suka yi jere. Ba za mu faɗi sunansa ba, Masta kowa ke ce masa. A Magazin na Suame ya yi koyo, a Kumasi, tun yana yaro mai wanke noti da fetur. Ya ɗaga mota, ya haska fitila, ya nuna mana mai ya jiƙe bututun hagu sharkaf har ƙura ta manne. Ya ce, "Malam, na gaba biyu sun tafi. Ba a canja ɗaya a bar ɗaya, sai motar ta riƙa ɗingishi." Sa'an nan ya lissafa mana iri uku. Akwai na kamfanin mota, wanda a ke saya wurin dila cikin kwali mai tambarinsu, shi ya fi tsada. Akwai na waje, watau na waɗansu maƙera dabam waɗanda aikinsu ke nan. Akwai kuma na gwanjo, wanda aka kwance daga motar da ta yi haɗari. Na ukun nan ya ce ba zai sa wa motar yara ba ko kyauta aka ba shi, domin ba mai sanin abin da ya rage na ransa.

A nan akwai wani kuskure da mutanenmu ke yi, su kan ɗauka duk abin da ba daga dila ya fito ba jabu ne. Ba haka ba ne. Masu haɗa motoci su kansu ba su ke ƙera kome da kome ba, saye su ke yi. Kamfanin KYB na Japan, da Sachs da Bilstein na Jamus, da Monroe na nan Amurka, duk suna sayar wa masu haɗa motoci, suna kuma sayar wa kasuwa da sunansu. Sau da yawa maƙeri ɗaya ne, kwali ne ya bambanta. Wanda ya taɓa shiga Abossey Okai a Ankara ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san kasuwar kayan mota hawa hawa ce, daga na ƙwarai har zuwa wanda fenti kaɗai ne sabo a jikinsa. Nan ma haka, sai dai a nan mafi yawan na ƙasan ta intanet su ke zuwa, ba ka ga mai kanti ba, balle ka riƙe rigarsa.

Masta ya ce zai sayo na waje mai suna, ya ɗaura, ya kai a daidaita tayoyi, ya tsaya wa aikin shekara guda, kaya da hannu duka. Ya faɗi kuɗi. Muka ji sun yi mana nauyi, don asusun makaranta daga ɗan abin da iyaye ke bayarwa ne. Da daddare wani ɗan yayanmu ya buɗe waya ya nuna mana biyu, haɗaɗɗu da sifirinsu, a kan kuɗin da bai kai rabin na Masta ba. Hoto ya yi kyau, suna kuwa wani ne da ba wanda ya taɓa ji. Muka ce ya saya. Mu da mu ke karantar da babin ciniki, mu ke gaya wa ɗalibai cewa sayen abin da ba a san sifarsa ba garari ne, mu ne muka sayi ƙarfen da rayukan 'ya'yan mutane za su hau bisa ga hoto. Hausawa sun ce araha ba ta ado, mun sani, amma a daren nan lissafin dala ne a kanmu.

Da muka kai masa kwalin ya juya shi, ya ɗaga ɗaya ya auna nauyinsa a hannu, ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, ba don ku ba ne da ban taɓa ba. Zan ɗaura, amma hannu ne nawa, ƙarfe naku ne." Muka ce ba kome, Allah ya kiyaye. Ya ce to daidaita tayoyi fa? Muka ce a bari sai wata mai zuwa. Ba mu rubuta kome ba, shi ma bai rubuta ba. Takardar da ya ba mu kuɗin aiki kawai ke ciki. Muka yi musafaha muka rabu.

Mako shida aka yi. Ran wata Lahadi direbanmu ya dawo ya ce sitiyari yana ja dama, ƙarar nan kuma ta dawo. Aka duba, sabon na hagu yana zubar da mai, gaban motar ya karkace kaɗan, tayar dama kuwa ta cinye ta ciki har zare ya fara leƙowa. Da wannan tayar aka ɗauko yara shida da safe. Mun daɗe ba mu ji tsoro irin na ran nan ba, kuma tsoro in ya rasa mafita fushi ya kan zama. Muka tafi gareji muka faɗa wa Masta maganar da ba ta dace da rawani ba, a gaban yaransa. Ya ce ai ya faɗa. Muka ce ba mu tuna ya faɗa haka ba. Gaskiya kuwa mun tuna rabi, rabin da ya yi mana daɗi. Mai sayarwa na intanet da aka rubuta masa ya ce zai aiko da wani a madadin wanda ya lalace, amma kuɗin kwancewa da ɗaurawa da taya ba ruwansa. Kusan duk masu sayar da kayan nan haka sharaɗinsu ya ke, ƙarfe su ke lamunta, ban da ladan makaniki.

Jumma'a biyu muna kauce wa juna a bakin masallaci. Har wani dattijo ya ce a kawo maganar gaban shugabannin ƙungiya. Kafin a kai ga haka muka ce bari mu buɗe littafi mu yi wa kanmu shari'a, kamar wani ne ya kawo mana ƙara. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya ke a Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a, maɗinki ne ko marini ko maƙeri, shi ke da lamunin abin da aka bar masa ya ɓace ko ya lalace a hannunsa, ko da lada ya yi ko ba lada. Malamai sun tsananta haka don kada dukiyar mutane ta zama abin wasa. Da Masta ya bar noti bai ɗaure ba, ko ya yanke robar birki garin aiki, da wannan hukunci ya hau kansa, ba makawa. Amma mutum ya kai wa maɗinki ruɓaɓɓen yadi, maɗinki ya ce yadin nan ba shi da ƙwari, ya ce ɗinka haka nan, riga ta yage ran Salla, wa zai biya? Aibin yana cikin abin da mai kaya ya kawo. Tayar da ta cinye kuwa, mu muka hana a daidaita. Duk sa'ad da aka kwance wannan ƙarfe na gaba tsayuwar taya ta kan goce, ko da kaurin tsinke ne, kwalta kuwa ba ta yafe wannan.

Ba mu wanke Masta sarai ba. Laifinsa guda, ya ji kunyar Malam. Da baƙo ne ya shigo masa da kwali, da ya rubuta a takarda cewa mai mota ya kawo kayansa, babu lamuni, ya ƙi daidaita tayoyi, ya sa shi ya sa hannu. Mu ma da garejin baƙo muka je da mun nemi takarda tun kafin a taɓa mota. Sai tsakaninmu, inda zumunci ya ke, inda ɓacin rai ya fi tsada, nan ne mu ke ganin neman takarda kamar zargi ne. Alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, can kusa da ƙarshen Baƙara, zancen rubuta bashi ta ke yi, kuma da muminai ta ke magana, mutanen da suka yarda da juna. Kakanninmu masu fataucin goro tsakanin Salaga da Kano ba su raina alƙalami ba. Alhaji Umaru na Kete Karachi, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga ya rasu a 1934, cikin littattafan da ya fara wallafawa akwai na koyar da rubuta wasiƙa. Mu jikokinsu mun zo ƙasar da ko burodi ka saya sai an ba ka rasit, muna cinikin ɗaruruwan dala da "Allah ya kiyaye".

Dokar jihar nan ma ta tanadi abin da kunya ta hana mu nema, ya kamata kowa ya sani. Duk garejin da ke gyara don kuɗi wajibi ne ya yi rajista da hukumar DMV, ya kafa allon nan kore da fari mai lambarsa a waje. In ka nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗi kafin aiki dole a rubuta, ko da za a karɓi ɗan lada a kan rubutun, kuma ba a wuce abin da aka rubuta sai da izninka. Takardar biya za ta nuna kowane ƙarfe da aka sa da kuɗinsa, da ko sabo ne ko tsoho ko gyararre, da milolin da mota ta yi. Tsofaffin kayan da aka cire naka ne in ka nema a rubuce tun kafin a fara. Lamuni ba dole ba ne a kan gareji, amma in ya yi alkawari sai ya rubuta sharaɗinsa da wa'adinsa a takardar. In an cuce ka kana da kwana 90 ko mil 3,000, duk wanda ya riga cika, ka kai kuka DMV. Shi ma mai gareji doka ta ba shi ikon riƙe motarka har ka biya aikin da ka yarda a yi, saboda haka kada wani ya je yana hargagi a ƙofar mutane.

Masu sabuwar mota su kan tambaye mu, ko sa kayan waje yana kashe lamunin kamfani? Akwai dokar tarayya tun 1975, a ke kiranta Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani soke lamuni don kawai ka sa ƙarfen da ba nasa ba. Sai in ƙarfen ne ko ɗaurinsa ya jawo ɓarnar, to wannan ɓarnar ba za su biya ba. Wanda zai saya da kansa kuma, ya ba mai sayarwa lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba wajen direba. Shekara da suna kaɗai ba su isa ba. Irin motarmu akwai mai ja da ƙafa biyu akwai mai ja da huɗu, kayansu ba ɗaya ba ne, na hagu kuma ba ya shiga dama.

Sauran magana ga fatake. Mun san waɗansunku su kan sa sifirin mai tauri a baya don buhunan shinkafa da kwalayen doya, waɗansu kuma su kan ɗaga motar da za su aika Tema don hanyar Bawku. A jikin ƙofar direba akwai wata 'yar takarda manne, ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Sifirin mai tauri ba ya canja wannan lamba. Ya hana bayan mota zama, gaskiya ne, amma birki da taya suna nan yadda aka yi su, abin da ya yi kawai ya ɓoye maka alamar da za ta gaya maka kaya sun yi yawa. Motar da aka ɗaga kuma ta fi saurin kifewa a kwana. Samarinmu masu sauke mota har cikinta na shafar ƙasa, su ba mu da abin ce musu, tudun rage gudu na unguwa zai yi musu wa'azi. Masu haya da ke kai mota binciken TLC a Woodside su tambaya tukuna kafin su canja tsayin mota. Kuma don Allah kada kowa ya zauna a bakin titi ran Lahadi ya ce zai kwance sifirin daga shoka da kansa. A matse ya ke da ƙarfin da zai iya farfasa fuskar mutum in ya kuɓuce.

Ran Litinin bayan Azahar muka koma Utica Avenue. Muka tarar da shi a ƙarƙashin wata mota, muka tsuguna muka yi sallama, muka ce, "Masta, mun zo ba da haƙuri, a gaban yaran da muka yi maganar a gabansu." Ya fito yana goge hannu ya ce, "Haba Malam, ya wuce." Ya rage mana kashi uku cikin goma na ladan aiki, ya ce rabonsa ke nan na rashin rubutu. Ya sayo masu suna guda biyu, aka sa tayoyin gaba sababbi, aka daidaita. Kafin ya taɓa sifana muka fito da ɗan littafinmu muka rubuta da ajami: kaya kaza, daga hannun Masta, ladan aiki kaza, lamuni shekara guda, tsofaffi a mayar mana. Ya yi dariya ya ce rabonsa da karanta ajami tun makarantar allo a Kumasi, amma ya bi da yatsa ya karanta har ƙarshe, sa'an nan ya rubuta irinsa da Turanci a takardar gareji, muka sa hannu mu biyu.

Da muka haɗa lissafi, abin da muka kashe ya fi abin da ya faɗa da fari da wajen rabi. Bambancin daga aljihunmu muka biya, ba daga asusun yara ba, kuma mun nuna wa ma'ajin ƙungiya takardun. Shokar nan mai yoyo da tayar da ta cinye suna nan a jingine bayan ƙofar makaranta. Duk mai shirin sayen kayan ƙafa da kansa ya biyo ran Lahadi bayan La'asar, in yara sun tashi, ya ɗaga ya duba.